Wane aibi ne ke kashe takobin Japan, wane ne kuma ake haƙuri da shi?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Amurka. Wani dattijo maƙwabcina zai sayar mini da takobin Japan, ya ce mahaifinsa ne ya zo da shi bayan yaƙin duniya na biyu. Da na zare shi daga kube na ga abubuwa huɗu da suka sa jikina ya yi sanyi: wata tsaga mai tsawon yatsa da ta bi tsawon takobin, wani ɗan kumburi kamar bororo, wani wuri baƙi-baƙi kusa da ƙota, da sara biyu a bayansa. Bakin kaifin lafiya lau yake, in ban da wani ɗan ƙarce siriri kamar gashi wanda ba ya ganuwa sai an karkata takobin. Shin waɗannan huɗun sun isa in fasa ciniki?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kana tambaya ko aibobi huɗun nan sun kai a fasa saye. A cikinsu babu wanda ya ɗaga mini hankali sosai. Abin da ya sa na gyara zama shi ne na biyar, wanda ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba. Idan wannan gashin shi ne abin da nake zato, to a nan gizo ke saƙar, sauran kuwa maganar ragin kuɗi ce kawai.

Ka san mai ba ka amsa tukuna. A gidan ƙira na tashi, na karanta ilimin ƙarafa, aiki kuma ya kai ni Japan inda na yi wasu shekaru ina zuwa zaman nazarin takubba, irin wanda ake jera takubba a rufe sunan maƙerinsu, kowa ya ɗauka ya duba ya rubuta wanda yake ganin ya ƙera. Na riƙe takubba da dama, na sayi kaɗan, na kuma taɓa yin asara. Amma ni ba mai washin takobi ba ne, ba na cikin masu ba da takardar shaida, kuma takobinka ban gan shi da idona ba.

Daga ina aibin ke fitowa

Sai ka san yadda aka ƙera abu kafin ka gane inda ya gaza. Maƙeran Japan ba su da tama irin ta dutse mai yawa, baƙin yashi mai ƙarfe suke narkawa da gawayi a murhun laka da suke kira tatara, kwana uku wuta ba ta mutu ba. Ƙarfen da ke fitowa, tamahagane, ba iri ɗaya yake ba: wani ɓangare ya sha gawayi ya yi tauri, wani laushi gare shi, ga kashin ƙarfe a tsakani. Har yau ana yin wannan aikin a garin Okuizumo da ke lardin Shimane, inda aka farfaɗo da murhun a 1977. Maƙeri yana farfasa ƙarfen, ya zaɓa, ya jera, ya zuga, ya daka, ya ninke, ya sake dakawa, sau goma zuwa sha biyar. Ninki goma sha biyar kuwa ya haura falle 32,000. Wannan ninkin ne ke ba jikin takobin zane kamar na katakon da aka fafe, wanda suke kira hada. Kowane ninki ɗaya haɗin ƙarfe da ƙarfe ne cikin wuta, kuma duk inda toka ko iska ta maƙale, wurin bai kama ba.

Sannan yawancin takubban ba ƙarfe ɗaya ba ne. Akwai na ciki mai laushi, shingane, wanda ke hana takobi karyewa, aka lulluɓe shi da fata ta ƙarfe mai kyau, kawagane. A ƙarshe sai a shafa yumɓu, mai kauri a baya, ɗan kaɗan a baki, a sa a wuta har zafi ya kusa digiri 800, a tsoma a ruwa. Bakin ya huce nan take ya yi tauri kamar gilashi, bayan ya huce a hankali ya zauna da laushinsa. Farin layin da ke raba su, mai kama da hazo, shi ne hamon, kuma inda ya lanƙwasa ya zagaye tsini ana kiransa boshi.

Don haka idan na ɗauki takobi, tambayar da nake yi wa kowane aibi ita ce: ya taɓa taurin baki ko bai taɓa ba? Wanda bai taɓa ba, muni ne. Wanda ya yanke shi, kisa ne.

Gashin da ke bakin kaifi

Japanawa suna kiransa hagire, wato tsagewar baki. Tsaga ce siririya ƙwarai da ke tashi daga kaifi ta miƙe a gicciye zuwa cikin hamon. Sau da yawa tsawonta bai kai ƙwayar shinkafa ba. Tana faruwa ta hanya uku. Wata tun ranar tsomawa a ruwa take, domin a cikin daƙiƙun nan takobin yakan fara sunkuyawa wajen baki, sannan ya dawo ya lanƙwashe baya, ƙarfen baki yana jan kansa har ya tsage. Maƙeri yakan ji ƙarar a cikin ruwa ya san aikin makonni ya tafi. Wata kuma daga sara take, an sari abu mai tauri ko an sara a karkace. Ta uku daga gyara ce, takobi ya lanƙwashe wani ya miƙar da shi da ƙarfin tsiya.

Abin da ya sa ake cewa ta kashe takobi, ƙarfe mai tauri ba ya miƙewa, tsagewa yake yi. Duk ƙarfin sara yana taruwa a ƙarshen tsagar, ita kuma ta ci gaba da tafiya har takobin ya rabu biyu. Washi ba ya cire ta, sai dai a cinye bakin har a wuce ta, a lokacin kuwa an ɓata siffar. Walda ba ta yi, domin zafinta yana kashe taurin wurin. Hukumar da ta fi suna wajen tantance takubba a Japan, NBTHK, wadda aka kafa a 1948, ba ta ba takobi mai hagire takarda ko da ta matakin farko da ake kira Hozon. Takobin da ba zai sami takarda ba kuwa, kasuwarsa ta faɗi warwas.

Ga yadda za ka bambance ta da ƙarce. Ka roƙi dattijon ku shiga ɗaki ku kashe fitilu ku bar ƙwan lantarki guda ɗaya, irin mai jan haske ya fi. Ka goge man da ke jikin takobin da takarda mai laushi, daga gindi zuwa tsini, hannunka yana ta wajen baya. Ka riƙe shi da tsumma, kada yatsa ya taɓa ƙarfen, gumin hannu tsatsa yake haifarwa. Ka nuna tsinin wajen ƙwan, ka riƙa karkata shi a hankali har hasken ya bi hamon yana gudu. Idan ka sami gashin, ka sa alama da ido ka juya takobin. Ƙarce gefe ɗaya yake zama, yakan zo a karkace, yakan zo da 'yan'uwansa, kuma ba ruwansa da iyakar hamon, yana iya wucewa ta kai. Hagire kuwa tana fitowa a gefe biyun a wuri ɗaya, ta taɓa kaifi, ta tsaya cak a cikin tauri ko a iyakarsa. Gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo ya isa ya nuna maka.

A nan na yi asarar da na ambata. Na sayi wani gajeren takobi, wakizashi, a wani shagon tsofaffin kaya. Tsatsa ta ɗan rufe shi amma hamon yana leƙowa, kyakkyawa. Na duba shi a hasken rana a bakin ƙofa, na ga ba komai, na biya ina murna na yi tsintuwa. Da na kai wa mai washi, bai ce uffan ba, ya ɗora shi a dutse ya buɗe wuri kamar faɗin yatsu uku, ya miƙo mini ya nuna da farcen ɗan yatsansa. Ga ta nan a kwance ƙarƙashin wani ɗigon tsatsa. Ya ce da ni tsatsar da ta yi layi a gicciye a bakin kaifi, ka zarge ta, domin danshi cikin tsaga yake fara zama. Tun daga ranar ban sake duba takobi a tsakar rana ba.

Tsini ma ka ba shi lokaci. Akwai tsagar da ke raba tsini kamar bakin hankaka a buɗe, sunanta ma ke nan, karasuguci, hukuncinta ɗaya da hagire. Abin da ya fi yawa shi ne tsinin ya taɓa karyewa aka sake fiƙe shi. Idan an fiƙe har an wuce boshi, tsinin ya zama ƙarfe mai laushi, takobin ya mutu ko da kuwa siffarsa ta yi kyau. Wasu masu washi suna zana farin layi na ƙarya da ɗan siririn dutse su rufe. Layin ƙarya yana ɓacewa idan ka nuna wa ƙwan lantarki, na gaske kuwa a lokacin yake haskawa. Haka za ka bi hamon daga gindi har tsini ka tabbata bai yanke a wani wuri ba, bai kuma faɗa waje ta bakin kaifi ba.

Huɗun da suka ba ka tsoro

Tsagar da ta bi tsawo ita ce kitae-ware, inda ninki biyu ba su kama juna ba. Abin dariya, kalmar ta yi kama da tamu, ƙarfe ne ya ware, ko da yake haɗuwar baki ce kawai. Tunda tare take tafiya da zanen ƙarfen, ba ta yanke komai ba, kamar tsagar da ta bi tsawon sanda ce, ba wadda ta gicciye ta ba. Ƙananan irinta suna cikin tsofaffin takubba da yawa, har da masu takarda. Tsawon yatsa dai ba ƙarama ba ce, za ta rage kuɗi. Abin lura shi ne inda ta kwanta. Idan can sama take wajen baya, da sauƙi. Idan ta shiga cikin hamon, maganar ta yi nauyi, domin bakin yana iya ɓallewa daga nan.

Bororon shi ne fukure. Iska ce ko datti ya maƙale tsakanin ninki, washi ya yi ta rage fatar da ke kansa har ta kumbura. Matsalarsa ba ta yau ba ce, ta gobe ce: washi na gaba yana iya fasa shi ya bar rami. Gwanaye suna cike irin wannan ramin da ɗan guntun ƙarfe mai kama da na takobin, aikin da ake kira umegane. Idan an yi da kyau sai ka ƙura ido kafin ka ga ɗan faci mai launi daban. Ba na ƙin takobi saboda faci ɗaya, amma ina son mai sayarwa ya faɗa da bakinsa. Kuma idan ka ga an sassaƙa wani zane ko kwari a wurin da bai dace da siffar takobin ba, ka yi tunanin abin da aka binne a ƙarƙashi.

Saran da ke baya kuwa, kirikomi, kada ka bari kowa ya goge maka shi. Idan da gaske tabon wani takobi ne da aka kare, Japanawa ba sa lissafa shi cikin aibi, tabon girma suke ce masa, masu washi ma barinsa suke yi. A babban gidan tarihi na ƙasa da ke Tokyo akwai takobin da ake kira Ishida Masamune, yana ɗauke da irin wannan sara a bayansa, kuma yana cikin kayan tarihin da gwamnati ta ba matsayi. Sai dai in ja maka kunne: takobin da ya yi shekara tamanin a gidan Ba'amurke, mai yiwuwa yaran gida ne suka yi wasan yaƙi da shi a bayan gida. Sabon sara yana da haske da kaifin gefe, tsoho ya lafa ya yi duhu a ciki. Kada ka ƙara ko sisi saboda labarin fagen fama.

Baƙin wuri kusa da ƙota ya fi su buƙatar bayani. Idan yana da kaushi, tsatsa ce, sai a duba zurfinta. Idan kuwa santsi ne, ba zane a cikinsa, kamar an ɗiga mai a takarda, to ƙarfen ciki ne ya leƙo, abin da ake kira shintetsu. Kowane washi yana cin fata, takobin da ya yi shekara ɗari biyar kuma an wasa shi sau da yawa. Idan fatar ta ƙare a wani wuri, sai cikin ya bayyana. Irin wannan takobin sukan ce ya gaji, kuma gajiya ba ta da magani, ƙarin washi ƙara faɗaɗa wurin yake yi.

Akwai hanya mai sauƙi ta auna gajiya. Ƙotar ɗan turken gora guda ɗaya ne ke riƙe da ita, ka tura shi ya fita, ƙotar ta zare, ka cire abin wuyan ƙarfen da ke jikin takobin, wanda ke toshe bakin kube. Gindin takobin, nakago, ba a taɓa wasa shi, don haka kaurinsa shi ne kaurin asali. Ka dubi takobin ta baya ka kwatanta. Idan gindi ya fi jiki kauri ƙwarai, an ci shi da yawa. Ka kuma dubi ɗan matakin da ke farkon kaifi: a lafiyayyen takobi yana nan tsaye, a gajiyayye ya kusa shafewa.

Duk da haka ba kowane baƙin wuri ne gajiya ba. Takubban gidan maƙera na Aoe da ke lardin Bicu an san su da ɗigon duhu mai santsi, haka na gidan Rai na Kyoto, kuma masana alamar gida suke ɗaukarsa. Wannan yana cikin abin da ba zan iya yanke maka hukunci a kansa daga nesa ba.

Shekaru suna canza hukunci

Aibi ɗaya ba farashi ɗaya gare shi ba. Ana kasa takubba bisa zamaninsu: koto su ne na kafin 1596, shinto daga nan zuwa wajen 1780, shinshinto zuwa 1876 lokacin da gwamnatin Meiji ta hana yawo da takobi, sai na zamani. Takobin zamanin Kamakura da ya wuce shekara ɗari bakwai, ya ga yaƙi ya sha washi, ana yafe masa ɗan shintetsu da 'yar tsaga, har ma da gajarta shi da aka yi daga gindi. Takobin zamanin Edo kuwa, wanda yawancin rayuwarsa a kube ya yi ta cikin zaman lafiya, ba a yi masa wannan uzurin. Tsohon doki mai asali ana saye da tabonsa, ɗan shekara huɗu mai ɗingishi kuwa sai a tambayi dalili. A tsakani akwai takubban da aka riƙa ƙerawa da yawa cikin gaggawa a lardunan Bizen da Mino lokacin yaƙe-yaƙen ƙarni na 16. Tsofaffi ne na gaske, amma tsaga da kaushin ƙarfe sun yi musu yawa, kuɗinsu kuma bai kai yadda shekarunsu ke sa mutum zato ba.

Naka tunda ta hannun soja ya zo, yana iya zama kowanne. Bayan yaƙin ya ƙare a 1945 sojojin da suka mamaye Japan sun karɓe takubba masu ɗimbin yawa, da dama suka bi sojoji zuwa Amurka. Wasu hafsoshin Japan tsohon takobin gidansu suka sa wa kuben soja, wasu kuwa na masana'anta aka ba su, wanda ba a ƙera ta hanyar gargajiya ba. Na masana'antar sau da yawa yana da ɗan hatimi a gindi, sama da sunan maƙeri. Fukure da kitae-ware da ka gani ma, ta wata fuskar, albishir ne, domin ƙarfen da ba a ninke ba ba ya yin su.

Wanda ya sha gobara

Aibi na ƙarshe ba tsaga ba ne, kuma shi ya fi wuyar ganewa. Takobin da gobara ta ci yana rasa taurinsa, hamon ya ɓace. Sai a kai wa wani maƙeri ya sake shafa yumɓu ya sake tsomawa. Wannan shi ne saiha. Takobin zai yi yanka, amma hamon ɗin da ke jikinsa ba na mai ƙirar asali ba ne, rabin aikinsa ya tafi. Ya faru da manya: da aka ci gidan sarautar Osaka a 1615 takubba masu suna sun ƙone, Tokugawa Ieyasu, sarkin yaƙin da ya ci gidan, ya sa maƙerinsa Yasutsugu ya sake tsoma su, ciki har da takobin da ake kira Namazuo Toshiro da ke Nagoya yanzu. Gobarar 1657 ta birnin Edo, wato Tokyo ta yau, ta ci wasu, girgizar ƙasar 1923 ma haka. Irin waɗannan ana girmama su saboda tarihinsu. Takobin da ba shi da suna kuwa, saiha tana zubar da darajarsa kusan kamar hagire.

Alamunta: gindin ya bushe ya yi ɓawo kamar ƙarfen da ya kwana a murhu, lanƙwasar ta yi yawa ba ta dace da siffar ba, hamon ya yi dishi-dishi, wani farin inuwa kuma ya tashi a karkace daga farkon kaifi, wanda ake kira mizukage. Ita kaɗai ba hujja ba ce, domin maƙeri Horikawa Kunihiro da wasu almajiransa suna da ita a aikinsu na asali. Hujjar da na fi yarda da ita ita ce wannan: idan an gajarta takobi daga gindi, ramukan turke sun zama biyu ko uku, to dole hamon ya wuce ya shige cikin gindi, tunda da can wurin kaifi ne. Idan ka ga takobi gajartacce amma hamon ya fara daidai bakin ƙota, an sake tsoma shi bayan gajartawa.

Da ni ne kai

Zan koma wurin dattijon da ƙwan lantarki da gilashi, in fara da gashin. Idan ya fito gefe biyu, zan gaya masa gaskiya cikin ladabi, domin wataƙila shi ma bai sani ba, in taya kuɗin abin tunawa kawai ko in haƙura. Idan ƙarce ne, sai in cire ƙota in ɗauki hoton gindin gefe biyu, da tsini, da takobin gaba ɗaya a kan baƙin mayafi, in nuna wa wanda ya sani kafin in taya. Sunan da ke gindi kada ya ruɗe ka, sa hannun jabu ya yi yawa ƙwarai, musamman na manyan maƙera.

Ka sa kuɗin washi cikin lissafi tun yanzu. Mai washi na gaske yakan yi kusan shekara goma yana koyo, da tsawon takobi yake yanke kuɗi, jiran layi yana iya kai shekara ko fiye, kuma sau da yawa ladan ya fi kuɗin takobin. Ga fukure da ke iya fashewa a hannunsa, ga baƙin wurin da zai iya faɗaɗa. Shi ya sa gara a fara da buɗe ɗan wuri kaɗan, kamar yadda aka yi wa nawa, a ga abin da ke ƙasa kafin a shiga babban aiki.

Kafin nan, don Allah kada samfefa ko man goge ƙarfe ko injin washin wuƙa su kusanci takobin nan, kada garin gyaran gira a rasa ido. Baƙar tsatsar da ke gindi ma ka bar ta yadda take, da launinta ake karanta shekarun takobi, wanda ya kankare ta ya rage masa kuɗi da hannunsa. Ɗan mai mara kauri, irin na keken ɗinki, a shafa sama-sama a jikin ƙarfen ban da gindi, a mayar kube, a kwantar da shi kaifi yana kallon sama. Idan ka duba gashin, ka rubuto mini ko ya fito a ɗaya gefen.